Kafin Kwamfuta Ta Lissafa Sauti, Sai An Gaya Mata Wace Iska Ce

A da, wanda ya gina babban ɗakin taro ba ya sanin yadda murya za ta fita a cikinsa sai an gama rufi, an jera kujeru, mai jawabi ya buɗe baki. Idan amsa-kuwwa ta dagula magana, sai dai a yi haƙuri ko a shiga kashe kuɗin gyara. Yau injiniyoyi sukan gina ɗakin a cikin kwamfuta tukuna, su saki sauti a ciki, su ga inda zai bi da inda zai mace, tun ba a aza tubali ko ɗaya ba. Haka masu ƙera salansar mota suke yi, haka masu ƙera wayar hannu da na'urar da mai raunin ji yake sawa a kunne. Manhajojin wannan aiki suna da dama. Akwai COMSOL ta ƙasar Suwidin, da Ansys ta Amurka, da Actran da aka ƙirƙira a Beljiyam, sai irin su ODEON ta Denmak da EASE ta Jamus waɗanda suka fi suna a harkar ɗakunan taro da lasifika. Duk da bambancinsu, kowace tana da wani ɗan gurbi da ake cikewa kafin a fara lissafi, inda take son sanin wace iska ce a cikin wurin, kuma a wane hali take. Gurbin yakan zo a cike da amsar da kamfani ya sa tun asali, wato iskar da muke shaƙa, a zafin digiri 20 na ma'aunin Salshiyas, a irin matsin da ake samu a bakin teku. Mai aiki sai ya kwashe kwanaki yana zana bango da ginshiƙi da silin, in ya iso nan ya wuce cikin ƙiftawar ido. A ganina wannan gurbi ya cancanci natsuwa daidai da wadda ake ba zanen ginin, domin amsar da aka tarar a ciki zato ne kawai, kuma duk lissafin da zai biyo baya a kansa yake tsaye.

Dalili shi ne sauti ba wani abu ba ne da yake ratsa iska ya wuce abinsa. Sauti motsin ita kanta iskar ce: fatar ganga ta ture ƙwayoyin iskar da ke gabanta, su matsu, su ture na gaba da su, su koma, haka har motsin ya isa kunne. Saboda haka halin iskar shi ne halin sautin. Adadi biyu ne manhaja ba ta iya motsi ba tare da su ba. Na farko gudun sauti a cikin iskar, wanda a busasshiyar iska mai zafin digiri 20 yake kai kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya. Na biyu nauyin iskar, wato abin da cikin akwati mai mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi zai auna, kimanin kilo 1.2 a wannan zafin. Gudu shi ke yanke lokacin da sauti zai isa wuri, da kuma irin amon da ɗaki ko bututu zai fi amsawa. Idan kuma aka ninka gudu da nauyi, sai a sami adadi na uku, kusan 413, wanda yake nuna irin turjiyar da iska take yi wa abin da yake kaɗa ta. Wannan turjiya ita ke faɗin yawan ƙarar da lasifika za ta iya zubawa cikin iska, da kuma nawa ne zai dawo idan sauti ya ci karo da bango ko ruwa ko labule. Turjiyar ruwa ta ninka ta iska fiye da sau 3,000, shi ya sa wanda ya nutsa a kogi da ƙyar yake jin kiran na bakin gaɓa, kusan duk muryar daga saman ruwan take komawa.

Wanda yake ganin ƙaramin kuskure a halin iska ba zai kai ko'ina ba, ya dubi abin da ya sami Isaac Newton. A littafinsa Principia na shekarar 1687 ya yi lissafin gudun sauti daga matsin iska da nauyinta, kuma tsarin lissafin bai da aibu. Amma amsar ta fito ƙasa da mita 300 a daƙiƙa, kimanin kashi 15 cikin ɗari ƙasa da abin da masu awo da ƙarar bindiga da agogo suke samu. Newton ya ɗauka cewa zafin iska ba ya canjawa yayin da sauti yake matse ta yana sakinta. A gaskiya kuwa iskar da aka matse takan ɗumama, kamar yadda famfon keke yake ɗaukar zafi a hannun mai ba taya iska, kuma matsewar sauti tana faruwa ba tare da zafin ya sami damar sulalewa ba. Wannan ɗumi yana ƙara wa iskar tauri, taurin kuma yana ƙara wa sauti gudu. Sai a 1816 masanin Faransa Pierre-Simon Laplace ya fito da gyaran, fiye da shekara ɗari bayan littafin. Gyaran adadi ɗaya ne tak, wanda masana suke kira gama, ma'aunin yadda iska take ɗumama idan an matse ta. Na iskar da muke shaƙa 1.4 ne, na hiliyam kusan 1.67, na kabon dayoksaid kusan 1.3. Abin da ya fi ɗaukar hankali a labarin shi ne matakin da Newton ya ɗauka da ya ga amsarsa ta ƙi dacewa da awo. A bugu na biyu na littafin, a 1713, ya kawo hujjar kaurin ƙwayoyin iska da tururin ruwan da ke cikinta, ya yi ta ƙari har lissafi ya hau daidai. Hujjojin ba su ne dalilin giɓin ba, amma adadin ya yi kyau a takarda. Za mu sake haɗuwa da wannan hali a wurin masu manhajar zamani.

Daga gyaran Laplace aka gane cewa abubuwa uku ne suke riƙe da gudun sauti a cikin kowace iska: zafinta, nauyin ƙwayoyinta, da wannan gama. Ƙwayoyi marasa nauyi sun fi saurin miƙa motsi, don haka a cikin hiliyam, iskar da ake hura balan-balan da ita, sauti yana gudun kusan mita 1,000 a daƙiƙa, ninki uku na namu. A cikin mitein, wadda ita ce mafi yawa a iskar gas da ake haƙowa daga ƙasa, kusan mita 445 ne. A cikin kabon dayoksaid mai nauyi bai wuce mita 270 ba. Masu nutso a teku mai zurfi da suke shaƙar iska mai haɗin hiliyam muryarsu takan koma kamar ta agwagwa, har sai an sa na'ura ta warware maganar kafin na sama su gane. Ba maƙogwaronsu ne ya canja saurin kaɗawa ba, kogon baki da hanci ne ya koma amsa wani amo dabam saboda gudun sauti a cikinsa ya ƙaru. Wani abin da mutane da yawa ba sa tsammani shi ne matsi ba ya cikin waɗannan ukun. Idan ka ninka matsin iska, taurinta ya ninka, nauyinta ma ya ninka, sai su kashe juna, gudu ya tsaya inda yake. Matsi yana taɓa nauyi da turjiya ne kawai, muddin bai yi tsanani ba. Misali mafi nisa ya zo daga duniyar Mars, inda motar binciken Perseverance ta hukumar NASA ta sauka a watan Fabrairun 2021 ɗauke da makirufo. Iskar can kusan kashi 95 cikin ɗari kabon dayoksaid ce, ga tsananin sanyi, ga matsin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na namu ba. Sakamakon da aka wallafa a 2022 ya nuna gudun sauti kusan mita 240 ne a daƙiƙa, kuma siririn sauti yana riga kakkaura isa da kimanin mita 10 a kowace daƙiƙa. Wato a can adadi ɗaya ma bai isa ya bayyana gudun sauti ba.

Mai karatu zai iya cewa ai wannan duk labarin nesa ne, mu ba Mars za mu gina masallaci ba, kuma tsakanin digiri 20 da digiri 40 me ya raba? Tambaya ce mai ma'ana, kuma rabin amsar yana wajen mai tambayar. Gudun sauti yana ƙaruwa da kimanin mita 0.6 a kan kowane digiri, daga mita 331 a digiri sifili zuwa 343 a digiri 20 zuwa kusan 355 a digiri 40. Ƙarin daga digiri 20 zuwa 40 bai kai kashi 4 cikin ɗari ba. A ɗakin karatu ko ofis babu kunnen da zai kama wannan. Haka nan tudu: a gari irin Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200 daga bakin teku, iska ta fi sauƙi da fiye da kashi goma cikin ɗari, amma abin da wannan zai rage a ƙarar lasifika kimanin desibel ɗaya ne, wanda da wuya mutum ya lura. Sai dai ƙaramin kaso yana girma idan tafiya ta yi tsawo. A filin idi ko babban filin taro akan jera lasifika sahu-sahu, a jinkirta na baya da gangan don muryarsu ta zo daidai da wadda ta taso daga gaba. Sauti yana cin mita 100 cikin kusan kashi 292 daga dubu na daƙiƙa a digiri 20, amma a digiri 40 kashi 282 ne. Giɓin kashi goma a mita ɗari, ashirin a mita ɗari biyu, kuma da zarar giɓin ya fara kai talatin ko hamsin, kunne yakan fara jin kalma sau biyu. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai, inda zafin bazara yake haura digiri 40 a watan Afrilu sannan sanyin asubar hunturu ya sauko ƙasa da digiri 15, wanda ya lissafa jinkirin lasifika a kan digiri 20 ya lissafa wa yanayin da ba kasafai filin zai gani ba a lokacin taro.

Inda hujjar ƙanƙantar bambanci take rushewa gaba ɗaya shi ne wurin da akwai wuta. Hayaƙin da yake fita daga injin mota ko janareta yana iya kai digiri 500 kusa da injin, kuma a wannan zafi gudun sauti ya haura mita 550 a daƙiƙa. Salansa tana kashe ƙara ne da ɗakuna da bututai da aka yanka daidai da wani amo na musamman. Bututu mai toshe a ƙarshe, mai tsawon santimita 43, a iskar digiri 20 zai danne amo mai kaɗawa sau 200 a daƙiƙa, abin da ake kira haz 200. Shi wannan bututu, ba a taɓa tsawonsa ba, idan hayaƙi mai digiri 500 ya cika shi sai ya koma danne amon haz 325 ko kusa da haka. Gurnanin da aka ƙera shi dominsa zai wuce ba tare da an taɓa shi ba. Zafin ma ba ɗaya ba ne daga bakin inji zuwa wutsiyar salansa, yana raguwa a hanya, don haka ƙwararru sukan raba salansar yanki-yanki, kowane da nasa zafi, ko su fara lissafin yadda zafi yake bazuwa su miƙa wa lissafin sauti. Wanda ya bar digiri 20 a gurbin nan zai sami zane mai launi-launi, da layuka masu hawa da sauka, duk a tsare, amma na injin da ba a kunna ba.

Akwai kuma laima, wadda ita ce aka fi mantawa da ita, alhali a manyan wurare tana iya fin zafi tasiri. Wallace Sabine na jami'ar Harvard, wanda aka ɗora wa gyaran wani ɗakin lacca mai mugunyar amsa-kuwwa a 1895, ya yi ta shigo da matasan kujeru cikin dare yana auna tsawon lokacin da sauti yake ɗauka kafin ya ɓace, har ya fito da ƙa'idar da aka gina babban ɗakin kiɗa na Boston a kanta, wanda aka buɗe a 1900. A ƙa'idar akwai adadi 0.161 da ɗalibai suke haddacewa, ba tare da yawancinsu sun san cewa gudun sauti na digiri 20 ne a ɓoye a cikinsa ba. Sabine ya ɗauka bango da kujeru da mutane ne suke shanye sauti. A farkon shekarun 1930 Vern Knudsen a Kalifoniya ya nuna cewa ita kanta iskar tana sha, kuma yawan shan ya danganta da tururin ruwan da ke cikinta. Ƙwayoyin oksijin da naitirojin sukan karɓi wani abu daga ƙarfin sautin su riƙe, su sake shi a makare, kuma tururin ruwa shi ke saita tsawon wannan makara. Hankali zai ba mutum cewa iska mai laima ita za ta fi danne sauti, amma awo ya nuna akasin haka ga siririn sauti: iskar da laimarta take tsakanin kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari ita ce mafi ci. Teburin da ke cikin ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 9613 ya nuna cewa a digiri 15, sauti mai haz 4,000 yana asarar kusan desibel 89 a kilomita ɗaya idan laima kashi 20 ce, amma kusan desibel 24 kawai idan kashi 80 ce. Kusan ninki huɗu ke nan. Kada a ce ina ɗakin da ya kai kilomita, domin sautin da yake kai-komo tsakanin bangaye na daƙiƙa biyu ya riga ya yi tafiyar kusan mita 700. Wannan yanki na siririn sauti kuwa nan ne baƙaƙe irin su s da sh da ts suke zaune, su ne suke raba kalma da 'yar'uwarta a kunnen na sahun baya. Manhajojin ɗakunan taro sukan zo da laima ta tsaka-tsaki a gurbinsu. A ƙasar da hunturu yake busar da iska har ƙasa da kashi 20, damina kuma ta mayar da ita sama da kashi 80, babban masallaci ko ɗakin taron da ba a sanyaya shi da na'ura yana da murya biyu a shekara, kuma adalci shi ne a lissafa duka biyun.

A ɗaya ƙarshen, wato wurare masu tsananin ƙanƙanta, wasu halaye ne dabam suke karɓar ragama. Iska tana da danƙo, ko da yake ba ma jin sa, kuma tana miƙa zafi ga abin da ta taɓa. Duk inda sauti ya bi jikin bango, akwai wani siririn sashe na iska da yake maƙale da bangon yana jan ƙafa, a nan ƙarfin sauti yake komawa zafi. Kaurin sashen kimanin milimita 0.2 ne a haz 100, ya sauko zuwa kusan 0.07 a haz 1,000. A ɗaki mai faɗin mita goma wannan ba abin lissafi ba ne. A ƙofar makirufon wayar hannu, ko bututun na'urar ji, ko ramukan soson da ake liƙawa a bangon situdiyo, inda faɗin hanyar bai kai milimita ɗaya ba, wannan sashe ya ci babban rabo na hanyar. Gustav Kirchhoff na Jamus ya warware lissafin wannan asara a cikin bututu tun 1868, kuma manhajojin yau a kan aikinsa suke. Amma sai an ba su ƙarin adadi: danƙon iskar, saurin miƙa zafinta, da yawan zafin da take iya ɗauka. Idan an bar su, manhaja za ta nuna amo mai tsini da ƙarfi fiye da abin da na'urar za ta taɓa bayarwa. A nan ma zafi yana shigowa ta bayan gida, domin saɓanin mai ko zuma da suke tsinkewa idan sun ji wuta, danƙon iska ƙaruwa yake yi da zafi.

Hujja ta biyu da akan kawo don barin gurbin yadda aka tarar da shi ta fi ta ƙanƙantar bambanci ƙarfi. Ai waɗannan manhajoji suna zuwa da rumbun halayen kaya da masana suka tattara, to don me mai aiki zai sa hannu ya ɓata? Gaskiya ne rumbun ya fi abin da mutum zai tsinto a intanet inganci, kuma babu dalilin ƙin amfani da shi. Amma rumbun ba ya ba da adadi ɗaya. Abin da ke ciki ƙa'ida ce mai jiran a gaya mata zafi da matsi, kuma waɗannan a wani gurbi dabam suke, wanda kamfani ya cike da digiri 20 tun asali. Mutum zai iya zaɓar iskar da ta dace daga rumbu, ya bar ta a yanayin da bai dace ba. Ga kuma tarkon ma'auni. Lissafin gudun sauti da ma'aunin Kelbin yake aiki, wanda yake farawa daga sanyin da babu na ƙasa da shi, inda digiri 20 na Salshiyas yake zama 293. Wanda ya rubuta 20 a gurbin Kelbin, ƙa'idar za ta ba shi gudun kusan mita 90 a daƙiƙa, a sanyin da iska ta daɗe da daskarewa ta zama dunƙule. Wanda ya rubuta nauyin ƙwayoyin iska 29 a gurbin da ake son kilogiram maimakon giram, ya rage gudun fiye da sau talatin. Matsi ma iri biyu ne. Gejin mai faci yana nuna sifili a sararin Allah, alhali iska tana danne mu da nauyin kusan kilo ɗaya a kan kowane santimita murabba'i. Idan geji a jikin bututu ya nuna wannan ma'auni na kilo ɗaya, cikakken matsin da manhaja take nema biyu ne, nauyin iskar kuma ninki biyu ne na ta sarari. Manhaja ba za ta yi ƙorafi a kan yawancin waɗannan ba, lissafi kawai za ta yi.

Rumbun kuma yana da iyaka idan aka zo ga gauraye. Iskar gas ta rijiyar nan ba irin ta rijiyar can ba ce, kowace da nata kason mitein da sauran 'yan'uwanta masu nauyi. A bututun jigila, irin wanda aka tsara daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano mai tsawon kilomita 614, matsi yakan ninka na sarari sau gomomi, kuma a nan sauƙaƙƙiyar ƙa'idar da ta ce matsi ba ya taɓa gudu ta daina aiki, saboda ƙwayoyin sun cunkushe har suna jan juna. Injiniyoyin da suke lissafin ƙugin injinan tura gas sukan koma ga manyan taskoki irin REFPROP na hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, su shigar da ainihin haɗin gas ɗin. Masana'antar gas ta ɗauki gudun sauti da muhimmanci har ta mayar da shi ɗan sanda: mitocin da suke auna gas da sautin da kunne ba ya ji suna auna gudun sauti a cikin bututun, a gwada shi da wanda aka lissafa daga haɗin gas ɗin, idan suka saɓa a san akwai matsala a mita ko a awon haɗin. Akwai wata illa ta ɓoye kuma. Manhajoji da yawa sukan yanka sararin da ake nazari zuwa ƙananan gutsattsari, kuma ƙa'idar da aka saba ita ce a sami gutsure biyar ko shida a cikin zango ɗaya na igiyar sauti. Tsawon zangon daga gudu yake fitowa: a haz 1,000 santimita 34 ne a iskarmu, 27 a kabon dayoksaid, kusan mita guda a hiliyam. Wanda ya yanka gutsattsarinsa don iska mai sauri, daga baya ya sauya zuwa mai nauyi bai sake yanka ba, ya ƙara kuskure na biyu a kan aikin ba tare da ya sani ba.

Hujja ta uku ita ce wadda na fi girmamawa, domin masu aikin ne da kansu suke faɗinta: a ɗakin taro, rashin tabbas a kan bango da darduma da yawan jama'a ya ninka na iska nesa ba kusa ba. Haka ne. Babu wanda ya san daidai yawan sautin da wata darduma za ta sha, kuma masallaci cike da masallata ranar Juma'a ba shi ne masallacin da babu kowa da hantsi ba. Ban kuma yarda da wanda zai kunna lissafin danƙo da miƙa zafi a kan ɗakin mutum dubu biyar ba, zai dafa kwamfutarsa ne a banza, amsar ba za ta motsa ba. Gwaninta ita ce sanin halin da ya shafi aikin da ke gabanka: babban wuri yana son zafi da laima, wurin wuta yana son zafin kowane yanki, ƙaramar hanya tana son danƙo, bututun gas yana son haɗi da matsi. Amma kasancewar bango ya fi wuyar sani ba uzuri ba ne na barin abin da yake da sauƙin sani. Na'urar auna zafi da laima ba ta kai kuɗin lasifika ɗaya ba, bayanan hukumomin yanayi kuma suna nan shekara da shekaru. Babban haɗarin ma shi ne halin Newton na 1713. Idan aka auna ɗaki, awon ya saɓa da manhaja, al'adar masu aiki ita ce su yi ta murɗa adadin bango har layuka biyun su hau kan juna. Ruwa ba ya tsami banza, amma idan tsamin daga iska yake aka je aka gyara bango, lissafin zai dace da ranar da aka yi awon kaɗai. Ranar da yanayi ya juya, ko aka ɗauki adadin bangon nan aka kai wani gini, kuskuren zai fito, kuma babu wanda zai san daga ina.

Gwajin da yake tona yawancin wannan bai wuce aikin minti goma ba. Kafin a saki manhaja a kan babban zane, a gina mata bututu miƙaƙƙe mai toshe a ƙarshe ɗaya, a tambaye ta amonsa na farko, sannan a raba gudun sautin da ake tsammani da ninki huɗu na tsawon bututun a kan takarda. Bututun mita ɗaya a iskar digiri 20 ya kamata ya ba da kusan haz 86. Idan manhaja ta ce 22 ko ta ce 3, ba sai an nemi ƙwararre daga waje ba, wani gurbi ne aka cike ba daidai ba. Malaman da suke koyar da waɗannan manhajoji a jami'o'i da kwalejojin fasaha ya kamata su hana ɗalibi miƙa sakamakon da bai rubuta a samansa wace iska ya sa, a wane zafi, a wane matsi, da wace laima ba. Kai kuma da ba injiniya ba, amma kana cikin kwamitin ginin masallaci ko ɗakin taro, ko kana sayen janareta da aka ce an lissafa ƙararsa, idan aka shimfiɗa maka zane mai launi aka ce kwamfuta ce ta faɗa, ka tambayi wanda ya kawo shi a kan digiri nawa da laima nawa aka yi lissafin, ka kuma nemi ya sake maka shi sau biyu, ɗaya na tsakar bazara, ɗaya na asubar hunturu, kafin ka sa hannu a takardar biya.